Mujalla da gidan harsashi: me ya haɗa su suna ɗaya a Turanci?

Malamar Aji Uku ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Funtuwa, kuma akwai wata kalma da nake so a warware mini zarenta, wato magazine.

Mu dai abin da muke koya wa yara shi ne magazine na nufin mujalla, irin mai bango mai sheƙi da hotuna, wadda ke fitowa mako-mako ko wata-wata. To a darasin auna fahimta nakan sa ɗalibai su yanko labari daga jaridun Turanci su zo da shi aji. Wata yarinya ta kawo labarin kamun 'yan fashi, inda aka lissafa abin da aka samu a hannunsu: bindigogi, harsasai, wayoyin salula, sai kuma magazines. Ta fassara ta da mujallu, har ta tambaye ni, kuma da gaske take, me 'yan fashi ke karantawa a daji. Na gaya mata a nan gidan harsashi ake nufi, ƙarfen nan da ake maƙala wa bindiga ta ƙasa. Sai ta ce to me ya haɗa takarda da bindiga? Ƙamus ɗin makarantarmu jera ma'anonin kawai ya yi, bai faɗi dalili ba.

Shin kalma ɗaya ce ta yi rassa, ko kuwa kalmomi biyu ne daban rubutunsu ya zo ɗaya? Kuma ina Turawa suka samo ta? Ba na son in ce wa yara su haddace haka nan, domin haddar da ba dalili a bayanta, ana fitowa daga jarrabawa ta gudu.

Tsohon Tafinta ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, tambayarta ta yi ma'ana ƙwarai. Na yi shekaru ina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a gidan rediyo, kuma wannan kalma na cikin waɗanda na fi jin daɗin bin sawunsu.

Kalma ɗaya ce, kuma asalinta ba na Turawa ba ne, daga Larabci ta fito. Larabawa na ce wa ɗakin ajiya makhzan, jam'insa makhazin, daga aikatau khazana, wato ya adana, ya ɓoye don gaba. Ɗalibanki ma sun san danginta ko da ba su lura ba. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf (AS) ya ce wa sarkin Masar "ij'alni ala khaza'inil ardi", ka sanya ni a kan taskokin ƙasa. Wannan khaza'in da makhazin tushensu ɗaya, haruffa uku ne: kha, zayun, nun. In kika fara darasin daga nan, kin gama rabin aiki, domin ba yarinyar da ta je Islamiyya da za ta manta da rumbunan hatsin Masar.

Fatauci ne ya ƙetarar da ita teku. A ƙarni na 13 fataken Italiya da na kudancin Faransa na zirga-zirga zuwa tashoshin jiragen ruwa na Arewacin Afirka da Masar da Sham. Duk wanda ya sauke kaya a can, a makhazin zai ajiye su kafin a biya kuɗin fito a sayar. Suka ɗauki sunan tare da kayan. Mutanen Italiya suka ce magazzino, Faransawa suka ce magasin. Mutanen Sifaniya, waɗanda suka yi ƙarnuka suna zaune da Larabawa, sun ɗauke ta har da alif da lam ɗinta, suka ce almacén. A Maroko kuwa kalmar girma ta yi: tun da baitulmalin sarki ne makhzan, sai sunan ya koma na gwamnatin kanta, har gobe in Bamaroke ya ce makhzan, fada da masu iko yake nufi.

Ingilishi ya karɓe ta daga Faransanci wajen shekarun 1580, da ma'anarta ta asali, ɗakin ajiya, musamman na kayan yaƙi da albarushi. Saboda haka, Malama, ma'anar soja ce yaya, mujalla ƙanwa ce da aka haifa daga baya.

Yadda ta hau takarda shi ne wurin da na fi so. Tun a ƙarni na 17 marubutan Ingila kan sa wa littafi suna magazine in suna nufin rumbu ne na bayanai a kan wani fanni, misali ilmin tuƙin jirgin ruwa. Amma wanda ya kafa ma'anar da muka sani yau shi ne Edward Cave, ɗan wani mai gyaran takalma, wanda ya yi aikin gidan waya da na buga littattafai. A watan Janairu na 1731 ya fara fitar da The Gentleman's Magazine a Landan. Dabararsa mai sauƙi ce. A lokacin jaridu da ƙananan takardu sun cika Landan, yau a buga, gobe a yar, kuma mutumin ƙauye ba ya ganin ko ɗaya. Sai Cave ya riƙa tsinto abin da ya fi amfani a cikinsu, labarai, muhawara, waƙoƙi, farashin kaya, sanarwar haihuwa da aure da mutuwa, ya tara su wuri guda sau ɗaya a wata. A gabatarwarsa ma ya faɗa cewa nufinsa ya taskace su kamar yadda ake taskace kaya a magazine. Kuɗinta sisi ne, sisin nan dai da iyayenmu suka kashe a zamanin sulai da kwabo. Bai sa sunansa a matsayin edita ba, ya laƙaba wa kansa Sylvanus Urban, suna mai haɗa daji da birni, don ya nuna takardar ta kowa ce.

Ta karɓu sosai, har ta kai 1922 ana buga ta. Samuel Johnson, shahararren marubucin Ingila, ya yi mata aiki yana matashi. Da majalisar dokokin Ingila ta hana buga muhawararta a 1738, mujallar ta riƙa kawo ta a ɓoye, kamar wai zaman majalisar wata ƙasar almara ce, aka jirkita sunayen 'yan majalisa yadda mai karatu zai gane su, kuma Johnson ne ya rubuta da yawa daga ciki. Da ya fitar da babban ƙamus ɗinsa a 1755, a ƙarƙashin magazine ya fara da ɗakin ajiya, sannan ya ƙara da cewa a 'yan shekarun nan kalmar ta soma nufin ɗan littafi mai tattare da abubuwa iri-iri, ya kuma ambaci Cave da sunansa. Ba kasafai ake samun kalmar da za a nuna mutumin da ya juya ta da shekarar da ya yi hakan ba, shi ya sa nake ganin ta dace da aji.

Daga nan kowa ya kwaikwaya. The Scots Magazine ta fito a 1739, kuma har yanzu ana buga mujalla da wannan suna. A Amurka, cikin 1741, Andrew Bradford da Benjamin Franklin suka yi rige-rigen fitar da ta farko a birnin Philadelphia. Bradford ya riga da kwana uku, amma duka biyun ba su kai shekara ba suka mutu.

Abin da zan ce ki dasa wa yara a kai shi ne, a duk inda suka ga kalmar, su tambayi kansu me aka tara a nan, ana jiran ranar amfaninsa. In albarushi ne, ma'ajiyar makamai. In harsasai ne a jikin bindiga, gidan harsashi. In rubuce-rubuce ne iri-iri a cikin bango ɗaya, mujalla. Tamu kalmar, mujalla, ita ma daga Larabci muka aro ta, majalla, kamar yadda muka aro jarida. Su Larabawan da majalla suke kiran abin karantawa, makhzan kuwa suka bar shi a kan ɗakin ajiya.

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Sannu da aiki Baba Tafinta, mun ƙaru. Malama, bari in ƙara miki da abin da ke wajenmu nan Nijar. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da shinkafa da sukari da mai, kuma ɗakin da nake tara buhuna mangaza muke ce mishi. Ku a Najeriya sito kuke cewa, don ta bakin Ingilishi kuka ɗauka, mu kuwa ta bakin Faransanci, daga magasin. Mai tsaron wurin, wanda ke riƙe da makulli da littafin shige da fice, shi ne magasinier a takarda. Duk wanda ya taɓa jiran rabon hatsi ko takin zamani a ƙasarmu ya san mangaza. Ke nan kalmar ta riga ta shigo Hausa, ta wata ƙofa dai ta biyo.

Abin da ke rikita 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, a nan shi ne Faransanci na da kalmomin biyu. Akwai magasin, kanti ko ɗakin ajiya, wadda tasu ce tun da daɗewa. Akwai kuma magazine mai harafin z da e a ƙarshe, mujalla, wadda suka sake arowa daga Ingilishi bayan Ingilishi ya canja mata ma'ana. Yaro ya kuskure harafi ɗaya a jarrabawa, ya mai da kanti mujalla.

Masu zuwa sarin kaya Istanbul kuma sun san mağaza, kanti ke nan a Turkanci. Wani yaron unguwarmu da ya yi karatu a Rasha ya ce a can ma magazin shago ne, in kana son mujalla sai ka ce jurnal.

Tsohon Soja ya amsa:

Malama, ni ta ɓangaren aikina zan yi magana, kuma ina da ƙorafi guda a kan masu fassara labarai, ban da Malam Tafinta da ya faɗi daidai. Sau da yawa nakan ji an fassara magazine da kwanson harsashi. Ba haka ba ne. Kwanso shi ne fankon tagullar da ke faɗowa ƙasa bayan an harba. Jigida kuma ita ce doguwar ɗamarar harsasai da ake zura wa babbar bindiga mai sarrafa kanta. Magazine daban: akwati ne na ƙarfe ko roba mai ƙarfi, da sifirin a cikinsa yana turo harsashi sama ɗaya bayan ɗaya. Gidan harsashi ya fi dacewa da shi. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne a labari. In an ce an samu kwanso goma a wuri, harbi goma aka yi. In an ce gidan harsashi goma na AK-47 a cike, kowanne na cin 30, harsashi 300 ke nan.

A ƙarni na 19 sunan ya sauka a kan bindigar hannu. Kafin nan, galibi harbi ɗaya ɗuri ɗaya ne, irin na bindigar maharbanmu. Bindigar Spencer ta 1860, wadda aka yi amfani da ita a yaƙin basasar Amurka, tana da bututu a cikin gindinta mai ɗaukar harsashi 7. A 1879 James Paris Lee ya yi rajistar irin akwatin da ake cirewa a mayar. Sunansa ne a jikin Lee-Enfield mai cin harsashi 10, bindigar sojan Ingila a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, wadda kakanninmu suka riƙe a Bama. Mutane suka ga ɗan ƙaramin ɗakin ajiyar albarushi ne aka liƙa wa bindiga, sai suka ba shi sunan babban.

Babban kuma yana nan bai mutu ba. A bariki da jirgin ruwan yaƙi, ɗakin da ake ajiye harsasai da bama-bamai magazine ne har yau. A zamanin albarushi dokokinsa masu tsanani ne: ba a shiga da takalmi mai ƙusa, kayan aiki na tagulla ne don baƙin ƙarfe na fid da tartsatsi, fitila kuwa a wani ɗaki daban ake ajiye ta, haskenta ya shigo ta gilashi. Dalilin a bayyane yake. A 1687 sojan Daular Usmaniyya sun tara albarushi a tsohon ginin Parthenon da ke Atens, harsashin igwar sojan Venice ya faɗa ciki, ginin da ya yi fiye da shekara 2,000 a tsaye ya tarwatse. Ran 24 ga Mayu 1941 wuta ta kai ga ma'ajiyar jirgin yaƙin Ingila HMS Hood a fafatawarsa da Bismarck na Jamus, cikin mutum 1,418 uku kaɗai suka tsira. Mu ma a nan ba mu manta da 27 ga Janairu 2002 ba, ranar da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, mutane fiye da 1,000 suka rasu, da yawansu mata da yara da suka faɗa ruwa garin gudu. Allah ya jiƙansu. Shi ya sa in na ji kalmar nan, ba hotuna masu sheƙi ke fara zo mini a rai ba.

Bakaniken Kumasi ya amsa:

Salamu alaikum daga Kumasi. Ranka ya daɗe Tsohon Soja, bayaninka ya taɓa garinmu kai tsaye. A nan in ka ce wa direban tasi ya kai ka Magazine, ba wajen masu sayar da jarida zai kai ka ba, Suame zai nufa da kai. Suame Magazine unguwa ce guda ta makanikai, masu walda, maƙera, masu juya ƙarfe da masu sayar da kayan gyaran mota, dubun dubatar mutane, tana cikin mafi girma irinta a Afirka ta Yamma. Nan na koyi gyaran injin babbar mota, nan nake ci nake sha, tare da Asante da Dagomba da Frafra da mu 'yan zango. Manyan motoci daga Burkina Faso da Mali da Nijar na zuwa gyara, ana kuma ƙera injin niƙa da na matse manja a wurin.

Asalin sunan, makanikan farko sun fara taruwa ne tun zamanin Turawa a kusa da tsohuwar ma'ajiyar makaman soja a cikin gari, wato magazine irin wadda Tsohon Soja ya bayyana. Da aka tashe su aka mai da su Suame, sai suka tafi da sunan. Yanzu ba albarushi ko ƙwaya a wurin, sai baƙin mai da ƙarar guduma. Sunan ya ma bazu, a wasu garuruwan arewacin Gana ma unguwar makanikai magazine ake ce mata, mutanen Ankara, babban birnin Gana, kuwa Kokompe suke cewa. Malama, wannan ma'anar ba lalle ki same ta a ƙamus ɗin Ingila ba, amma a Turancin Gana daidai take.

Malamar Aji Uku ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Tafinta, saura abu ɗaya. Yara na haɗa magazine da newspaper da journal, su yi amfani da su kamar abu guda. Yaya zan raba musu su, kuma waɗanne kurakurai ka fi gani a rubutun mutanenmu?

Tsohon Tafinta ya amsa:

To Malama. Newspaper jarida ce, aikinta labarin yau, takardarta mai araha, ba ɗinki. Magazine ba ta tsere da labarin yau, takan jira mako ko wata, ta zo da sharhi, hira, hotuna da tallace-tallace, a ɗinke cikin bango, kuma don kowa da kowa ake rubuta ta. Journal kuwa, in a jami'a ne, ta masana ce, malamai ke rubuta wa junansu sakamakon bincike, sai wasu masanan sun tantance kafin a buga. Matsalar ita ce mu a Hausa magazine da journal duka biyun mujalla muke cewa, shi ya sa ɗalibi kan rubuta cewa malaminsa ya buga bincike a magazine, alhali journal yake nufi. Ki ba su misalan da za su iya gani. Time, wadda Henry Luce da Briton Hadden suka kafa a 1923, magazine ce ta labarai. Newswatch da Dele Giwa da abokansa suka fara fitarwa a 1985 ita ma haka. Mujallar Fim ta Hausa da ta fara fitowa a 1999 magazine ce. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939 kuwa jarida ce.

Kuskuren da na fi gani shi ne na ɗan harafin da ke gabanta. Ana cewa in a magazine, ba on a magazine ba, sai fa in bangon ake nufi, nan ne ake cewa on the cover. Ana ƙirga ta, a magazine, two magazines. Fitowa ɗaya sunanta issue, kofi ɗaya da ke hannunki kuma copy. Wajen furuci, Turawan Ingila kan danna gaɓar ƙarshe, su ja ta, kamar ana cewa magaziin, Amurkawa da yawa kuma kan danna ta farko, duka an yarda da su. A hira ana gajarta ta zuwa mag, soja ma haka yake ce wa tasa.

Akwai kuma ta gidan rediyo da talabijin, wadda na yi aiki da ita. Magazine programme shiri ne da ake haɗa gutsattsarin abubuwa daban-daban a cikin rabin sa'a ko sa'a guda: rahoto daga kasuwa, hira da likita, wasiƙun masu sauraro, ɗan kiɗa a tsakani. In yaran suka ci karo da wannan a takardar jarrabawa, kada su fassara shi da shirin karanta mujallu. Shiri mai ƙunshe da batutuwa iri-iri za su ce.